Hannun Hagun Lemuel Batiste

Duk wanda injin kwale-kwalensa ya taɓa mutuwa a garinmu ya san Lemuel Batiste, don shi kaɗai ne mai gyara tun daga gada har bakin fadama, kuma ya san doguwar gaisuwa ba ta da amfani a wurinsa. In ka shiga shagonsa ka ce masa yau ya yi kyau, sai ya ajiye sifana ya dube ka ta saman tabarau, yana jiran ka faɗi ainihin abin da ya kawo ka. In ka kai masa tarwaɗa kyauta zai karɓa, ya yi godiya, sannan ya wuni yana saƙe-saƙen abin da za ka roƙa gobe. Matarsa Odessa ta ce ko kek ta yi masa ranar haihuwarsa, sai ya tambaye ta me ta fasa a gidan. Ba mugu ba ne, ba kuma marowaci ba. Sana'a ce ta mai da shi haka.

Dogo ne, ya haura hamsin, furfura ta ci rabin kansa, kuma yana tafiya da hannun hagu manne da haƙarƙari kamar mai ɓoye jarida a hammata. Baƙi kan ɗauka tsohon rauni ne, tunda an gaya musu ya yi shekaru a manyan ƙungiyoyin ƙwallon zari-ruga, wadda ake jifa da hannu ana danne juna. Mu da muka san shi sai mu yi shiru, kuma ba wanda ya taɓa yi masa maganar hannun. Lem, kamar yadda muke kiransa, bai taɓa karyewa a wurin nan ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin fili da hular hana sallah a ka, yana tafa wa wasu, wa zai karya shi?

Tun yana yaro yake da wata baiwa da ta fi ƙarfinsa, wato kwaikwayo. Ya taɓa bin Fasto Guillory a baya daga ƙofar coci har bakin titi, yana ɗingisa irin ɗingishinsa, yana gyaran murya irin tasa, har mata suka riƙa toshe baki da mafici. Uwarsa ta cire takalmi ta bi shi da duka, ita ma tana dariya tana hawaye. Abin da mutane ba su gane ba shi ne rabin abin ba da niyya yake yi ba. In ya zauna da mai in'ina na ɗan lokaci, shi ma sai harshensa ya fara sarƙewa. In ya ci abinci da bahago, sai ka ga cokali ya koma hagu bai sani ba. Idonsa yana ɗauka, jikinsa yana ajiyewa, ba su neman izininsa.

A sakandare shi ne kwatabak ɗinmu, mai jifa, wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane taku, ya ja da baya ya nemi wanda zai jefa wa kafin ƙartin ɗaya ɓangaren su danne shi. Ranar Jumma'a gari kan watse zuwa fili don kallonsa, mu kuwa mun riga mun yanke cewa duniya za ta san sunansa. Ya je wata ƙaramar jami'a ya yi abin a yaba. Amma ranar da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa, dangi suka cika falon uwarsa, aka dafa gambo, miyarmu ta kuɓewa da jatan lande, tukunya guda, aka zuba wa talabijin ido har miyar ta huce, ba a kira sunansa ba. Sai daga baya wata ƙungiya ta ce ya zo a gwada shi.

Kowace ƙungiya tana da mai jifa na ɗaya, wanda ake manna hotonsa a allon talla, da na biyu mai jiran na ɗaya ya karye, da na uku mai jiran ikon Allah. Lem na uku ne, kuma a na ukun ya tsufa. Aikin na uku ba a ranar Lahadi da ake buga wasa yake ba, a tsakiyar mako yake. Ana ba shi riga mai lambar mai jifan ƙungiyar da za a kara da ita, a ce ya zama shi a wurin atisaye, ya tsaya irin tsayuwarsa, ya yi jifa irin nasa, don 'yan tsaro, wato 'yan wasan da aikinsu tare abokan hamayya ne, su saba da mutumin kafin su haɗu da shi. Yawancin 'yan wasa suna ganin aikin nan ƙasƙanci ne, suna yinsa da gatsine. Lem kuwa an zo gidansa. Yakan kalli bidiyon mutum na yini ɗaya, washegari ya fito fili ya zama shi tun daga yadda yake tofar da yawu. Da wannan ya ci abinci shekara goma da wani abu, a ƙungiyoyin da shi kansa sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya jero su.

A nan ya koyi zargi, kuma ni ban ga laifinsa ba. A sana'ar nan ba a korar mutum da faɗa. Akwai wani ma'aikaci mai sanyin murya a kowace ƙungiya, shi ake aikowa da safe ya dafa kafaɗarka ya ce koci yana son ganinka, shi ke nan ka gama. Lem ya koyi karanta alamun tun kafin mutumin ya iso. In mai raba takalma ya daina tsokanarka, ko koci ya tsaya a baranda yana tambayar lafiyar mahaifiyarka, ko ka ga baƙon saurayi mai tsawo da akwati a bakin ƙofa, to ka fara naɗe kayanka. Duk wanda ya taɓa yi masa murmushi mai faɗi a wurin aiki, bai yi mako ba sai da ya sallame shi. Odessa ta daina kafa ƙusa a bangon gidajen haya, hotunan aurensu suka yi ta yawo a cikin kwali.

Wuri ɗaya ne ya ɗan zauna har ya san sunan maƙwabta, wato ƙungiyar Masunta, can arewa a bakin tafki inda sanyi ke fasa leɓe. A can ya haɗu da Kelby Rusk, mai jifansu na ɗaya, ɗan manoman alkama, jan gashi, babbar murya, mutumin da zai ba ka makullin motarsa kafin ya tambayi sunanka. Yadda mai zargin kowa ya yi abota da mai yarda da kowa, wannan sai Allah. Ɗaki ɗaya suke kwana in an je wasa wani gari. Kelby ya sa masa suna Madubi, shi kuma yana kiransa Manomi. Da aka haifa wa Lem 'ya mace, Kelby ne ya riƙe ta a coci ranar baftisma, yana gumi ya fi na ranar wasa.

A kakar wasan da abin ya faru, wani ƙato ya danne Kelby ya tsaga masa haƙarƙari a ɓangaren hagu. Ƙungiya ta gaya wa 'yan jarida ɗan ciwon baya ne. Ranar Lahadi likita kan yi masa allurar kashe zafi, a ɗaure shi tamau, ya fita ya yi wasa a miƙe kamar ba komai, ko a bidiyo ba ka ganin alama. Amma likitan ya ƙi yi masa allura a tsakiyar mako. Saboda haka a atisaye, inda aka rufe ƙofa ba baƙo, Kelby kan manne gwiwar hannun hagu a jikinsa, ya ja numfashi guntu-guntu, in ya yi jifa ya ɗan dafa wurin da sauri kafin a gani. Lem yana tsaye a bayansa makonni yana kallo, shi ne ma ke taya shi ɗaura bandeji.

Kelby ya san abin da yake gudu. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a kwantiragi, ga wani yaro ɗan jami'a a matsayin na biyu yana wasa wuƙa, kuma in abokan hamayya suka ji inda ciwon yake, nan za su yi ta sauka har sai ya kwanta. Ya ce wa Lem maganar nan daga su biyun sai likita sai babban koci. Lem ya ce ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ana cikin haka sai masu tare wa Kelby gaba suka fara jin rauni ɗaya bayan ɗaya, ƙungiya ta buƙaci gurbi don ɗauko wani. Ran Talata mai sanyin murya ya dafa kafaɗar Lem. Kelby da haƙarƙarinsa ya taya shi kai kwalaye mota, yana zagin shugabannin ƙungiyar tun daga sama har ƙasa.

Washegari da hantsi dillalinsa mai nema masa ƙungiya ya bugo waya yana murna, wai ƙungiyar Kuraye tana son Lem, yau-yau, har sun yanka masa tikitin jirgi. Lem ya ajiye wayar. Ya je jikin firij inda Odessa ta manna jadawalin wasanni, ya bi da yatsa. Lahadi mai zuwa Kuraye da Masunta za su kara. Ya koma ya zauna, ya ce wa Odessa banza ba ta kai zomo kasuwa. Kowa a sana'ar ya san wannan dabara, ba kuma dokar da ta hana: ka ɗauko wanda abokin karawarka ya kora, ka ba shi riga da abinci mai kyau, ka tatse abin da ke kansa, wasa na ƙarewa ka sallame shi. Odessa ta ce ta ji, amma ya haura talatin, ga jaririya, kuma wayar nan ba ta cika ƙara ba. Ta ce wataƙila su ma sun ji labarin iya aikinsa ne, ba kowane alheri ne tarko ba. Ya dube ta kamar ita ma an haɗa baki da ita.

Daga filin jirgi ya kira Kelby.

"Manomi, ka ji inda za ni?"

"Na ji. Je ka ci abincinka, Madubi, ba wanda ya ce ka zauna da yunwa."

"Bakina a kulle yake. Ko me za su yi mini."

"Na sani mana. In ban yarda da kai ba, da wa zan yarda? Ka dai gaishe mini da su, ka ce Lahadi za su sha kashi."

Kuraye sun karɓe shi da hannu biyu-biyu, abin da ya ƙara tayar masa da hankali. Mota ta zo ɗaukarsa, aka ba shi ɗakin otal mai kallon kogi, aka rubuta sunansa daidai a jikin akwatin kayansa, abin da wasu ƙungiyoyin ba su taɓa damuwa su yi ba. Kocin 'yan tsaro, wani dattijo da ake kira Varga, mai magana a hankali da tsinken sakace a gefen baki, ya ɗauke shi cin abincin rana, aka kawo naman sa gasasshe mai kaurin tafin hannu. Varga ya tambayi Odessa, ya tambayi jaririya, ya ce ya taɓa zuwa kamun kifi wajen garinmu. Sai da aka kusa cinye naman ya ce, yaya bayan abokin naka? Lem ya ce lafiya ƙalau, Koci. Varga ya ce ya lura Kelby ya rage gudu da ƙwallo 'yan makonnin nan. Lem ya ce tsufa ne, Koci, duk muna hanya. Dattijon ya yi dariya har tsinken ya kusa faɗuwa, ya tura masa kwanon dankali.

Tun daga nan Lem ya ɗaura ɗamarar yaƙi da kowa. Mai tausa ya fara yi masa hira, ya yi kamar barci ya ɗauke shi. Wasu 'yan wasa suka gayyace shi shan giya, ya ce cikinsa ba daɗi, don ya san abin da kwalba ke yi wa harshe. Ya ƙi amfani da wayar ɗakin otal. Har limamin cocin ƙungiyar da ya zo ya ce in yana da abin da ke damun zuciyarsa ƙofa a buɗe take, Lem ya gode masa ya kuma sa shi cikin waɗanda ake zargi. Da aka zaunar da shi a ɗakin taro aka tambaye shi alamun hannu da kalmomin sirri da Masunta ke amfani da su a fili, ya ba su tsofaffi na bara waɗanda ya san an riga an canza, ya yi fuskar mai iya ƙoƙarinsa.

Da za a fita atisaye, Varga ya miƙo masa riga mai lambar Kelby.

"Na ga ba ka son magana, ɗana, kuma na girmama hakan. Ba na neman komai daga bakinka. Aikinka kawai za ka yi mini. Ka zama Kelby Rusk."

Lem ya juya maganar ta kowace fuska yana neman ƙugiya, bai samu ba. Yadda Kelby ke tsayawa da yadda yake jifa, ai duk duniya tana da bidiyonsa, ba sirri ba ne. Wannan shi ne aikin da aka san shi da shi, in ya yi shi da kyau wataƙila ma su riƙe shi har ƙarshen kaka, ya ci abincinsa da guminsa ba tare da ya sayar da kowa ba. Ga kuma ɗan alfahari, don a duniya ba mutumin da ya sani kamar Kelby. Ya sa rigar ya shiga fili. Ya lashi yatsunsa kamar yadda Kelby ke yi, ya buga dunduniya sau biyu, ya kwarara kira da muryar nan ta mai kiran shanu daga nesa. 'Yan tsaron Kuraye suka fashe da dariya, wani ya ce wallahi har ya ji yana son ya dake shi. Lem ya ji daɗi, ya saki jiki ya ƙara nutsewa cikin mutumin, har ya manta da kansa. Kyamarori suna can saman dogayen sanduna suna ɗauka kamar kullum, ba mai ɗaga kai ya dube su.

Washegari ba wanda ya tambaye shi komai. Varga ya wuce shi a baranda ya ɗaga masa hannu kawai. Mai tausa ya yi aikinsa shiru. Wannan shirun ya fi tambayoyin tsoratar da shi, don mai nema ba ya daina nema sai ya samu. Ya zauna ya bi duk kalmar da ta fita bakinsa tun saukarsa jirgi, ɗaya bayan ɗaya, bai ga inda ya yi ɓaram-ɓarama ba. Ya yi tunanin ko yana magana cikin barci, ya duba ƙarƙashin fitilar gefen gado da bayan hoton bango. Ya yi zargin likitan Masunta, ya yi zargin yaron nan na biyu mai jiran gado. Ya kira Odessa daga wayar kan titi, ta ce masa, Lem, an tambaye ka ka ce tarko ne, an daina tambayarka ka ce tarko ne, to me kake so bayin Allah su yi?

Ran Lahadi da rana fili ya cika maƙil. Lem yana bakin layi cikin rigar Kuraye, yana hango Kelby a ɗaya gefen yana ɗumama hannu, a miƙe, allura ta kama. A taku na farko ya ga abin da yake gudu. Babban ƙaton Kuraye, wanda duk kakar nan ta dama yake fitowa, an mai da shi hagu. Bai nemi ƙafa ba, bai nemi ƙwallo ba, ya sunkuyar da kafaɗa ya zuba ta daidai ƙarƙashin hammatar Kelby. Ba laifi a dokar wasa, alƙali ko motsi bai yi ba. Na biyu ya zo, nan ya sauka. Na uku ma haka. Kelby yana tashi yana kakkaɓe ciyawa, kowane tashi ya fi na baya jinkiri. Lem ya ji kamar ya ruga cikin fili ya tsaya a gabansa, amma rigar da ke jikinsa ta masu dukan ce.

Bayan hutun rabin lokaci aka sake danne Kelby, wannan karon bai tashi ba. Aka shigo da ƙaramar motar ɗaukar masu rauni, aka cire masa hular kwano, ga jini a bakinsa. Haƙarƙarin ya karye ya huda huhu. 'Yan wasan Masunta, mutanen da Lem ya yi shekaru yana cin abinci da su, suka juyo gaba ɗaya suna kallonsa daga can ƙetaren fili. Ɗaya ya cire abin kare haƙori ya tofar da yawu ta wajensa. Kuraye suka ci wasan.

Ran Talata mai sanyin muryar Kuraye ya dafa kafaɗarsa. An ci moriyar ganga, Lem bai yi mamaki ba. Amma kafin ya bar ginin ya nemi Varga, ya same shi a ɗakin kallon bidiyo, ya rufe ƙofa ya ce shi dai abu ɗaya yake so ya sani, wa ya gaya musu. Ya riga ya shirya sunaye a ransa, yana jiran a tabbatar masa da ɗaya. Dattijon ya nuna masa kujera, ya kunna bidiyon atisayen da suka yi.

Ga mutum nan cikin rigar Kelby, yana lasar yatsu, yana buga dunduniya. Ya ja da baya da ƙwallo, gwiwar hannun hagunsa manne da jiki. Kafaɗunsa suna ɗagawa da guntun numfashi. Ya yi jifa, sai hannu ya sauko da sauri ya dafa haƙarƙari ya koma. Varga ya mayar baya ya sake kunnawa a hankali. Kowane jifa haka. Ba Kelbyn ranar Lahadi Lem ya kwaikwaya ba, wanda duniya ta sani. Kelbyn tsakiyar mako ya kawo musu, wanda ya yi makonni yana kallo daga baya.

"Bakinka yana da amana, ɗana, wannan na shaida," in ji Varga. "Amma ba bakinka muka ɗauko ba."

Lem bai san yadda ya fita ɗakin ba. Baƙin cikin da ya ji ya wuce na kora, don kora ya saba da ita. Ya tsare kowace ƙofa, ya zargi mai tausa da limami da fitilar gefen gado, ashe ɓarawon yana cikin rigarsa.

Ya je asibiti ya sami Kelby kwance da roba a ƙirji, fuska ta yi fari fat. Kelby ya bi shi da ido tun daga bakin ƙofa har ya zauna, sannan ya tambaye shi da ƙyar ko ya faɗa musu. Lem ya ce bai faɗa ba. Gaskiya ce, kuma ita ce ƙarya mafi nauyi da ya taɓa yi. Kelby ya ce to shi ke nan, ya lumshe ido.

Daga nan ƙwallo ta ƙare musu su biyun. Yaron jami'a ya gaje wurin Kelby bai kuma saki ba, Kelby ya koma gonar alkamar ubansa. Lem kuwa waya ta daina ƙara gaba ɗaya, don labari ya zaga cewa ya sayar da abokinsa a kan kwantiragin mako guda. Ya dawo gida ya koyi gyaran inji a wurin kawunsa, Odessa ta samu bangon da za ta kafa ƙusa. Kelby ne kaɗai ya tsaya masa. Ya shiga rediyo ya ce duk mai cewa Lemuel Batiste ya ci amanarsa ya zo ya faɗa a gabansa. Kuma kowace bazara, lokacin jatan lande, yakan tuƙo tsohuwar motarsa tun daga gonarsu ya zo ya yi mana kwanaki, ya cika gari da surutu, ya kawo wa 'yar baftismarsa tsaraba.

Wani zai ji sanyi a ransa. Lem bai ji ba. A ganinsa ruwa ba ya tsami banza, mutum ba ya tuƙin kwana biyu don ya ci jatan lande da wanda ya jawo masa asarar sana'a, sai dai in bai sani ba, ko kuma ya sani yana jiran rana. Kowace shekara yakan karɓe shi da murna ta gaskiya, don yana ƙaunarsa, sannan ya yi kwanakin nan yana auna kowace kalma tasa. In Kelby ya ce ka tuna lokacin kaza, sai Lem ya kasa kunne yana jiran sauran. In ya yi shiru yana kallon ruwa, Lem ya ce yau ce. Sau da yawa ya yi niyyar faɗa masa ya huta, sai ya ga yadda mutumin ke dariya da dukan cinyarsa, ya fasa. Kwaikwayo kuwa ya bar shi har abada. Ko a biki aka roƙe shi ya yi Fasto Guillory, Allah ya ji ƙansa, sai ya ce ya manta.

A bazarar da ta wuce aka yi taron a bayan gidansu kamar kullum. An shimfiɗa jaridu a kan dogon tebur, an juye jatan lande da masara da dankali suna tururi, yaji yana sa mutane atishawa. Da aka ci aka ƙoshi, Odessa ta ce a kai babbar tukunyar bakin rafi a zubar da ruwan. Kelby ya kama hannun tukunyar ɗaya, Lem ya kama ɗayan da hagu. Suna tafiya tukunyar tana karkata ta wajen Lem, ruwan yaji yana zuba a takalminsa, don hannun bai rabu da haƙarƙari ba balle ya ɗaga. Kelby ya tsaya, suka ajiye.

"Saki hannun nan haka, Madubi. Ni nawa ya warke tuntuni."

Lem ya sunkuya ya dubi gefensa. Ya ga gwiwar hannun a manne, ya ji numfashinsa guntu-guntu. Shekara ashirin da ɗoriya yana karanta fuskar kowa a garin nan, bai san haka yake tafiya ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun a asibiti. Ka shigo ɗakin da ciwona a jikinka, har da dafawar. Na ce, to, ga yadda aka yi."

"Ba ka ce komai ba."

"Na tambaye ka ko ka faɗa, ka ce a'a. Me ya rage? Ni na sa maka sunan nan da bakina, ni kuma na tsaya a gabanka ina lallaɓa haƙarƙari. Kama mu tafi, tsoho, ruwan nan yana hucewa a ƙafarka."

Lem ya tsaya kamar an dasa shi. Kunya ta rufe shi, da wani sauƙi mai zafi da bai san inda zai ajiye shi ba, hawaye suka zubo masa ya ce yaji ne. Ya ɗaga hannun a hankali, ya ga ya ɗagu, ba abin da ya riƙe shi. Suka kama tukunyar suka kai ta rafi a daidaice.

Da baƙi suka watse, yana tattara jaridun tebur, ya tambayi Odessa ko ita ce ta je ta gaya wa Kelby wani abu. Ta ce ba ta gaya wa kowa komai ba, mutane ido gare su. Ya ce to me ya sa sai bana ya ga damar faɗa, akwai dai wani abu. Ta karɓe jaridun daga hannunsa ta ce ya je ya wanke ƙafa.

Ran Litinin ya buɗe shago, hannun ya koma wurinsa na da, don abin da jiki ya riƙe shekaru ba ya sakinsa a yini ɗaya. Sai dai yanzu in Odessa ta kawo masa wake da shinkafa da rana, takan ɗan taɓa masa gwiwar hannun in za ta wuce. Sai ya dubi wurin, ya ja dogon numfashi, ya sauke shi.